Damuwar hunturu: Yadda gajartar yini ke taɓa lafiyar ƙwaƙwalwa, da taimakon da kocin rayuwa zai iya bayarwa

A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba na kowace shekara ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya. Daga wannan rana duhu kan rufe birnin Landan tun kafin ƙarfe 5:00 na yamma, kuma yini ya ci gaba da gajarta har zuwa wajajen 21 ga Disamba, lokacin da rana ke fitowa da misalin ƙarfe 8:04 na safe, ta faɗi da ƙarfe 3:53 na yamma. Ma'aikacin da ya bar gida cikin duhu, cikin duhu yake komawa.

Ga mafi yawan mazauna irin waɗannan ƙasashe wannan yanayi takura ce da ake jurewa har ta wuce. Amma ga wasu yakan zama rashin lafiya, inda zuciya ke mutuwa, jiki ya yi nauyi, aiki da karatu su tsaya. Maganar ta shafi gidaje da yawa a nan, domin a zangon karatu na 2022 zuwa 2023 kaɗai ɗaliban Najeriya fiye da 70,000 ne ke jami'o'in Birtaniya, ban da likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi da ke aiki a can da Kanada da Amurka. Yawancin ɗaliban kan sauka ne a watan Satumba ko Janairu, wato a bakin hunturu ko a tsakiyarsa.

Mece ce damuwar hunturu?

Damuwar hunturu, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da SAD, nau'i ce ta cutar tsananin damuwa da ke zuwa ta tafi bisa juyawar lokutan shekara. A ƙasashen da ke can arewacin duniya takan fara a watan Oktoba ko Nuwamba, ta yi tsanani a Disamba zuwa Fabrairu, sannan ta sake mutum a Maris ko Afrilu idan yini ya ƙara tsawo.

Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi wajen tantance cututtuka bai ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta ba. Ya sanya ta ne a ƙarƙashin tsananin damuwa mai bin lokaci. Kafin a ce mutum yana da ita, sai an ga ta zo masa a lokaci guda na shekara, ta kuma tafi a lokaci guda, shekara biyu a jere.

Akwai kuma wadda ba ta kai wannan matsayi ba, wato kasala da rashin walwala da mutum ke ji a hunturu amma yana iya tafiyar da al'amuransa. Masu irin wannan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Bambance tsakanin biyun shi ne matakin farko, domin shi ke nuna ko mutum likita yake buƙata, ko kuwa mai taimaka masa ya gyara tsarin yininsa.

Yadda aka gano ta

Likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal, haifaffen Afirka ta Kudu, ya koma birnin New York a 1976 don ci gaba da horo. Shi da kansa ya lura cewa kuzarinsa na raguwa idan hunturu ya shigo, ya dawo idan ya wuce, abin da bai saba gani ba a ƙasarsu mai yalwar rana. Daga baya ya shiga Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasar Amurka, inda abokin aikinsa Alfred Lewy ya nuna a 1980 cewa haske mai ƙarfi yana dakatar da fitar sinadarin melatonin a jikin ɗan Adam. A 1984 Rosenthal da abokan aikinsa suka wallafa bayani kan marasa lafiya 29 masu wannan matsala, suka raɗa mata suna, suka kuma ba da rahoton farko kan yi mata magani da haske.

Abin da haske yake yi wa jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ke aiki kamar agogo. Shi ke tsara lokacin barci da farkawa, da jin yunwa, da hawa da saukar zafin jiki. Wannan agogo ba ya tafiya daidai da awa 24 cif, don haka kullum yana buƙatar a saita shi, kuma hasken safiya da ke shiga ta ido ne babban mai saita shi.

Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Idan gari ya waye sai ya ragu. A hunturun ƙasashen arewa, inda rana ke makara wajen fitowa, agogon wasu mutane kan koma baya, sai mutum ya tashi don zuwa aiki alhali jikinsa yana ganin da sauran dare. Bincike ya kuma danganta ƙarancin haske da sauyin aikin sinadarin serotonin, wanda ke da hannu a walwalar zuciya da sha'awar abinci.

Fitilar ɗaki ba ta cike wannan giɓi. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin da ake kira luks. Hasken ofis yakan kasance tsakanin luks 300 zuwa 500, na ɗakin zama a gida kuma bai kai haka ba. A waje kuwa, ko a ranar da hadari ya rufe sama, haske kan kai luks 1,000 ko fiye, a tsakar rana mai ƙwallewa kuma yakan doshi 100,000.

Alamomi

Alamomin sun haɗa da na tsananin damuwa da aka sani: baƙin ciki mafi yawan yini, gushewar sha'awar abin da mutum ya saba jin daɗinsa, rashin iya tattara hankali, saurin fushi, ganin kai ba a bakin komai ba, da yanke ƙauna. Sai kuma waɗanda suka fi keɓanta da ta hunturu:

- barci mai yawa, tare da wahalar tashi da safe;
- kwaɗayin kayan zaƙi da abinci mai sitaci kamar burodi da shinkafa da taliya;
- ƙaruwar ƙiba;
- nauyin jiki da kasala ko da an yi barci isasshe;
- janyewa daga mutane da ƙin ɗaga waya.

Wasu cututtukan jiki, kamar ƙarancin jini da raunin aikin halittar tayirod da ke wuya, kan zo da kasala irin wannan. Shi ya sa likita kan nemi a yi gwajin jini kafin ya yanke hukunci.

Su wa ta fi kamawa?

Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manya a ƙasar suna fama da ita. Ta fi kama mata, kuma takan fara bayyana tsakanin shekara 18 zuwa 30, wanda shi ne shekarun yawancin masu tafiya karatu. Wanda ke da tarihin damuwa, shi ko wani a danginsa, ya fi shiga haɗari.

Nisa daga tsakiyar duniya ma yana da tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 1990 ya samu kashi 1.4 cikin 100 a jihar Fulorida mai yawan rana, amma kashi 9.7 a New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka. Sai dai ba nisa kaɗai ke hukunci ba. A Tromso da ke arewacin Norwe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, amma masaniyar halayyar ɗan Adam Kari Leibowitz, wadda ta yi bincike a can, ta tarar cewa mazauna da yawa suna marhabin da lokacin, kuma waɗanda ke masa kallon lokacin jin daɗi sun fi samun natsuwa. Ke nan yadda mutum ya ɗauki hunturu da yadda ya tsara rayuwarsa a cikinsa suna da nasu gurbin.

Hunturunmu da nasu

Kalma ɗaya muke amfani da ita, amma yanayin biyu ne. Hunturun ƙasar Hausa iska ce busasshiya mai ƙura da hazo da sanyin safiya. Tsawon yini kuwa bai cika sauyawa ba. A Kano yini mafi gajarta ya kai kusan awa 11 da minti 25, mafi tsawo kuma kusan awa 12 da minti 50. A Landan tazarar ta tashi daga ƙasa da awa 8 zuwa fiye da awa 16 da rabi. A Aberdeen da ke arewacin Birtaniya, yini mafi gajarta a Disamba kusan awa 6 da minti 40 ne.

Wanda ya girma a Zariya ko Maraɗi jikinsa bai taɓa gamuwa da irin wannan ba, kuma sau da yawa yakan haɗu da shi ne tare da kewar gida da matsin kuɗi da aikin dare. Wanda kuma yake nan gida, ya ga baƙin ciki ya kama shi fiye da mako biyu, a hunturu ne ko a damina, ya nufi asibiti kai tsaye. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni.

Magungunan da likitoci suka sani

Na farko shi ne magani da haske. Mutum kan zauna kusa da wata fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000, wadda aka tace mata haske mai ƙona fata, na minti 20 zuwa 30 jim kaɗan bayan tashi daga barci. Ido a buɗe, amma ba a ƙura wa fitilar ido. Waɗanda take yi wa aiki kan ga sauyi cikin mako ɗaya ko biyu. Takan jawo ciwon kai ko gajiyar ido ga wasu. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki rashin jure haske, da mai cutar baifola, wadda ke juya mutum tsakanin tsananin damuwa da tsananin zumuɗi, kada su fara sai da izinin likita.

Na biyu shi ne jinya ta hanyar tattaunawa, musamman tsarin da ake kira CBT, wanda ke koya wa mutum gane tunanin da ke karya masa gwiwa da komawa ga ayyukan da ya yasar. Farfesa Kelly Rohan ta Jami'ar Vermont ta gwada wannan tsari da maganin haske a kan mutum 177. A hunturun farko sakamakon ya zo kusan daidai. Amma a hunturu na biyu bayan jinyar, cutar ta dawo wa kusan kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka yi CBT, yayin da ta dawo wa kusan kashi 46 na waɗanda suka yi amfani da haske. Darasin shi ne, dabarar da mutum ya koya tana zama tare da shi, fitila kuwa sai an ci gaba da kunna ta.

Na uku shi ne ƙwayoyin maganin damuwa, waɗanda likita ne kaɗai ke rubutawa, kuma sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki. A 2006 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'in bupropion don rigakafin cutar, ana fara shansa tun kafin hunturu.

Game da bitamin D, hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta shawarci jama'a su riƙa shan maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara, saboda lafiyar ƙashi da tsoka. Binciken da aka yi kan ko yana warkar da damuwar hunturu ya ba da sakamako mabambanta, don haka ba ya maye gurbin jinya.

Wane ne kocin rayuwa?

Mai karatu ya san koci a filin ƙwallo: ba shi ke buga wasa ba, amma shi ke tsara atisaye, ya kuma tabbatar an yi. Daga nan aka aro sunan. Kocin rayuwa mutum ne da ake zama da shi lokaci zuwa lokaci, ido da ido ko ta waya ko ta bidiyo, ya taimaka wa mutum ya fayyace abin da yake son cimmawa, ya raba shi ƙanana, sannan ya riƙa bibiyarsa. Sana'ar ta bunƙasa a Amurka da Birtaniya daga shekarun 1990. An kafa babbar ƙungiyar masu yin ta, ICF, a 1995. A Ingila kuma, tun 2020 aka fara ɗaukar kocin lafiya aiki a ƙananan asibitocin unguwa na NHS.

Amfanin koci a wannan matsala ya taso ne daga yanayin matsalar kanta. Kusan duk abin da ke sauƙaƙa ta abu ne da ake maimaitawa kullum: tashi a lokaci guda, fita cikin haske, motsa jiki, cuɗanya da mutane. Ita kuwa damuwar, abin da take fara kashewa shi ne ƙarfin yin waɗannan abubuwa. Mutum ya san ya kamata ya fita, amma bargo ya fi ƙarfinsa. Sanin cewa ranar Alhamis wani zai tambaye shi kwana nawa ya fita yakan zama abin da zai ɗaga shi.

Yadda zaman yake gudana

Zama ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Koci da yawa suna bin tsarin da Baturen Ingila John Whitmore ya yaɗa a 1992, mai matakai huɗu: mene ne burin, wane hali ake ciki yanzu, waɗanne hanyoyi ne a buɗe, wanne za a ɗauka kuma yaushe. Tambaya ce ta fi yawa a bakin koci, domin shawarar da mutum ya yanke da kansa ta fi wadda aka ɗora masa daɗewa.

A ɗauki misalin ɗalibin digiri na biyu da ke aikin dare a rumbun ajiye kaya, yana kwana har azahar, ya farka saura awa uku rana ta faɗi. Koci ba zai ce ya bar aikin ba, tunda da shi yake biyan haya. Za su duba jadawalin mako tare, su ga ranakun da ba ya aiki, su tsayar da lokacin tashi guda a cikinsu. Wataƙila a makon farko abin da za a ɗauka bai wuce tafiyar minti 20 a ƙasa kafin ƙarfe 12:00 na rana ba, sau uku. A mako na biyu a ƙara matsar da teburin karatu kusa da taga, da cin abinci sau ɗaya tare da wasu. Idan an kasa, a binciki abin da ya hana, a rage nauyin, a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran abubuwan da ake yawan sanyawa a irin wannan tsari sun haɗa da rubuta awannin barci da yanayin zuciya kullum don a ga inda aka dosa, tanadin tufafin sanyi masu kyau don kada sanyi ya zama dalilin ƙin fita, rage kallon waya da dare, da tsayar da wani abu guda a mako da mutum zai riƙa ɗokinsa, kamar wasan ƙwallo ko zaman 'yan gari. Wanda ya san matsalar na zuwa masa kowace shekara ya fi kyau ya fara shiri tun Satumba.

Inda aikin koci ya tsaya

Koci ba likita ba ne. Ba ya tantance cuta, ba ya rubuta magani, ba shi da hurumin ce wa mutum ya daina shan wanda aka rubuta masa. Jerin magungunan damuwar hunturu da NHS da cibiyar Amurka suka fitar bai ƙunshi aikin koci ba. Gurbinsa shi ne taimakon mai ƙaramar matsala, ko tallafa wa wanda ke ƙarƙashin kulawar likita ya riƙe tsarin da aka ɗora shi a kai. Ƙa'idojin ICF da kansu sun buƙaci koci ya tura mutum wurin ƙwararru idan lamarin ya wuce saninsa.

A nemi likita ba tare da jinkiri ba idan baƙin cikin ya wuce mako biyu yana nan kusan kullum, ko mutum ya kasa zuwa aiki ko aji, ko ya daina kula da tsabtar jikinsa da cin abinci, ko ya koma ga ƙwaya ko barasa don samun sauƙi. Idan kuwa tunanin kashe kai ya shigo, wannan lamarin gaggawa ne. A Birtaniya ana kiran 999, ko ƙungiyar Samaritans a 116 123 kyauta dare da rana. A Amurka da Kanada lambar ita ce 988.

Kafin a biya kuɗi

A Birtaniya da Amurka babu dokar da ta hana kowa kiran kansa koci, ko da bai taɓa shiga aji ba. Don haka a tambayi inda ya yi horo da shaidar da yake riƙe da ita. Matakin farko na shaidar ICF yana buƙatar horon awa 60 da aikin awa 100. A tambaye shi abin da zai yi idan ya ga matsalar ta fi ƙarfinsa, a kuma nemi yarjejeniya a rubuce kan kuɗi da yawan zama da riƙe sirri. A guji wanda ya yi alkawarin warkarwa, ko yake tallan wasu ƙwayoyi nasa, ko ya nemi kuɗin watanni da yawa a dunƙule.

Haka kuma a fara duba abin da ke akwai kyauta. Ɗalibin da ya je Birtaniya da bizar fiye da wata shida ya riga ya biya harajin lafiya, wanda ya kai fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, don haka yana da damar yin rajista da likitan unguwa. A Ingila mutum na iya neman jinyar tattaunawa ta NHS da kansa ba sai likita ya tura shi ba, kuma jami'o'i suna da ofisoshin kula da walwalar ɗalibai.

Abin da iyali za su iya yi daga gida

Sau da yawa iyaye ko mata ko miji ne ke fara jin sauyin a waya: murya ta yi sanyi, amsa ta gajarta, kira ya ragu. Kuskuren da ake yi shi ne a fassara wannan da girman kai ko mantuwa da gida ko lalaci, a bi shi da gorin kuɗin da aka kashe. Wanda ke cikin wannan hali ya riga ya cika da ganin laifin kansa, gori kuwa ƙara rufe masa baki yake yi.

Abin da ya fi amfani shi ne tsayar da lokacin kira, a kuma daidaita shi da hasken rana a can. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Najeriya da Nijar suna gaban Birtaniya da awa ɗaya, don haka ƙarfe 1:00 na rana a Kano ita ce 12:00 a Landan, lokacin da ya fi dacewa mutum ya fita waje yana tafe yana amsa waya. A yi tambayoyi masu amsa: ƙarfe nawa ka tashi, ka fita yau, da wa ka ci abinci, ka yi rajista da likita? Idan amsoshin suka nuna lamarin ya yi nisa, a ƙarfafa masa gwiwar zuwa asibiti, a kuma nemi wani amintacce da ke kusa da shi ya raka shi.